Cin amana, zina ko kwartanci: wanne ne sunan abin, kuma daga ina kalmomin suka zo?

Maman Khalifa, Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni tela ce, kuma kun san shagon ɗinki ba ya rabo da hira. Wata da nake yi wa ɗinki ta ga saƙonni a wayar mijinta, shi da wata budurwa, har da katin waya da yake tura mata. Ta zo tana huci tana cewa ashe mazinaci take aure. Wata dattijuwa da ke jiran a rage mata riga ta ce ta iya bakinta, ba a jifan mutum da wannan kalma haka kawai, ta dai ce ya ci amanarta. Yarinyar da nake koya wa ɗinki ta sa baki ta ce ai kwarto ne, duk shagon aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma da za a titsiye ni in faɗi dalilin dariyar da na yi shiru. To masana, mene ne bambancinsu? Kuma wacce ce tamu ta gado, wacce muka aro?

Malam Na Ƙofar Mata:
Wa alaikumus salam. Hajiya, dattijuwar nan ta fi ku gaskiya. Zina Balarabiyar kalma ce, ta shigo mana tare da karatun addini, kuma ko harafi ɗaya ba mu sauya mata ba. Tana cikin Suratul Isra'i aya ta 32, inda aka hana kusantarta aka kuma kira ta alfasha, wadda ita ma aro ce daga fahisha. A fiƙihu zina ita ce saduwa tsakanin namiji da macen da babu aure a tsakaninsu, ko suna da aure a wani wuri ko ba su da shi. Kenan kalmar ba ta ware mai aure ba, wurin hukunci ne ake bambanta wanda ya taɓa aure da wanda bai taɓa ba.

Haɗarin yana cikin Suratun Nur aya ta 4: wanda ya jefi wani da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80 ce a kansa, shi ne ƙazafi. Saƙon waya ba shaida huɗu ba ne. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa zinar ido kallo ce, zinar harshe magana ce, don haka mijin nan ba wankakke ba ne, amma wannan zunubi ne, ba abin da ake tsayar wa haddi ba.

Fasiƙanci kuma daga fisƙu yake, wato fita daga ɗa'a. Malaman lugga sun ce Larabawa na faɗin haka idan ɗanyen dabino ya fito daga ɓawonsa. Mu ne muka matse kalmar ta koma kan harkar mata, a Larabci ta fi haka faɗi.

Ɗan Sashen Hausa, Kabuga:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Anti, bari in ɗauki ɓangaren Hausar. Dariyar da kuka yi wa yarinyarki tana da tushe: kwarto shi ne namijin da ke neman matar wani, musamman mai shiga gidan idan maigida ba ya nan. Macen kwartuwa, jam'i kwartaye, aikin kwartanci. Tunda wadda mijin nan ke yi wa saƙo budurwa ce, bai zama kwarto ba. Wannan ce tamu, ba ta da alaƙa da Larabci, kuma tana cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934. Akwai kuma farka da dadiro, su kan wanda ake hulɗar da shi suke magana, ba kan auren da aka keta ba.

Cin amana kuwa rabi da rabi ce. Amana Larabci ce, saiwarta ɗaya da imani da aminci, da sunayen Aminu da Amina: abin da aka ba ka ajiya don an yarda da kai. Amma ci ɗin namu ne, shi ne dai na cin mutunci, cin zarafi, cin fuska, cin hanci. Bahaushe ya ɗauki abin da aka ba ka ajiya ka cinye ya mai da shi sunan kowace irin yaudara daga na kusa. Shi ya sa yaron shago da ya gudu da kuɗin ubangidansa a Kantin Kwari ma amana ya ci, sai an ce cin amanar aure ake gane inda aka dosa. Larabawan yanzu khiyana suke cewa, daga nan muka sami ha'inci. Wannan kh ɗin h muke mai da shi, kamar a alheri da Alhamis.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: namijin da ya taɓa matar wani mun yi masa suna mai zafi, amma magidancin da ya bar matarsa a gida ya bi 'yan mata a waje, sai mu ce yana neman mata, ko yana da ɗan leƙe-leƙe. Harshen ya fi kare haƙƙin miji a kan na mata. Ina ganin shi ya sa mata suka riƙe cin amana da ƙarfi, ita kaɗai ce ke faɗin abin daga ɓangarensu.

Barista, Gyaɗi-Gyaɗi:
Ƙari kaɗan. Dokar Penal Code ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta mai da zina laifi a sashe na 387 ga namiji da na 388 ga mace, ɗauri har shekara 2 ko biyan tara. Kundin laifuffuka na Kudu bai sa shi cikin laifi ba, a can hujjar neman raba aure ce. Kano kuma ta kawo kundinta na Shari'a a 2000. Kalmar da Penal Code ɗin ta yi amfani da ita, adultery, daga Latin take, ma'anarta gurɓata abu ta hanyar cuɗa shi da wani, kamar mai tsarma ruwa a nono. Hajiya, ki gaya wa matar nan da kike yi wa ɗinki kada ta rubuta mazinaci a WhatsApp ko Facebook, shi zai iya kai ta ƙara, ita ce za ta koma mai kare kai.

Hajiya Babba, Yakasai:
Ɗana na Kabuga, ka yi magana, amma ban bi ka duka ba. A zamaninmu ba wanda ya ɗauki manemin mata da sauƙi, ko 'ya ba a ba shi idan bincike ya tono shi. Kuma 'yan matan yanzu sun ja cin amanar nan ta yi tsawo, miji ya ƙara aure da shaidu da goro da sadaki, a ce ya ci amana. Kishiya daban, farka daban.

Maman Khalifa, Gwammaja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sai dai Hajiya, idan ya rantse mata ba zai ƙara ba, ta sayar da sarƙarta ta ba shi jari, sannan ta ji ɗaurin auren a bakin maƙwabta fa? Malam, wannan kuma wane suna za a ba shi?