Hasumiyar jiragen ruwa: ta Tarkwa Bay ko mu miƙe har Akra?

Baban Khalifa, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yara sun yi hutu, babban ya matsa sai ya ga hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Ko dai mu je ta nan Legas, bayan Tarkwa Bay, ko mu bi gaɓar teku da motata ta Badagry, Seme, Kwatano, Lome, har Akra mu ga ta Jamestown. Damuwata Hajiya mahaifiyata: tare za mu, tana fama da gwiwa, kuma ba ta taɓa shiga jirgin ruwa ba. Wanda ya taɓa zuwa da tsoho ya ba ni shawara.

Ɗan Idi-Araba: Wa alaikumus salam. Badagry kawai za ka, Alhaji. Ga benen da 'yan mishan suka gina a 1845, ga kurkukun bayi na Seriki Abass. Sai ku tsallaka tsibirin Gberefu da kwalekwale.

Maman Ilham: Malam, an ce maka tsohuwa ba ta shiga ruwa, kai kuma kana kawo kwalekwale. Ina hasumiyar ma a Badagry?

Sarkin Yawo: Tarkwa babu hanyar mota, sai jirgi. Daga tashar jirgin ruwa ta CMS muka hau, dubu 3 kowane kai. Hasumiyar tun ƙarshen ƙarni na 19 take tsaye. Abin da ya ba ni mamaki, ta yi nisa da bakin ruwa. Dogayen katangun dutse da Turawa suka jera a mashigar tashar jiragen su suka tare yashin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, ya taru a can, bakin tekun Bar Beach da ke gabas kuma teku ta dinga cinye shi. Saboda haka bayan jirgi akwai tafiyar ƙafa cikin yashi.

Oga Mile 12: Dubu 3 a wace shekara? Ni dubu 7 na biya, ban da kuɗin shiga, ban da kuɗin rumfa.

Baban Yusra: Alhaji, ka ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Kada ka kai motarka. Na yi wannan tafiyar da iyalina, takarduna cif, fasfo, katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, komai. Tun daga Agbara shingaye suka fara, ka bar wannan kana hango na gaba. A wani shinge aka ce lambar injin ba ta fita sosai, mu faka. Tun la'asar. Na roƙa, na haɗa su da Allah, uwargida ta fito da goyo ta roƙa, ko kallo ba ta ishe su ba. A mota muka kwana, sauro ya yi wa jaririyar kaca-kaca. Da safe wanda ya tsare mu ya tafi gida, na madadinsa ya ce shi bai san da maganar ba, sai mu fara sabon ciniki. Kuɗin otal ɗin Lome duk a nan ya ƙare.

Baban Yusra: Kuma da muka isa Jamestown ɗin, hasumiyar ja da fari ce, doguwa, ba laifi. Amma ƙofa a kulle, mai makullin ya fita. Hoto muka ɗauka daga waje. Har yau idan na ambaci teku a gida sai an harare ni.

Direban Seme: Allah ya kyauta, amma Yaya kai ka jawo. Wa ke kai motar gida mai lambar Najeriya ƙetare ba ɗan hanya a gaba? Ka ajiye ta, ka hau ta haya, a Hilakonji bodar Benin da Togo ka sauya, a Aflao bodar Togo da Ghana ka sauya. Dubu 60 ta kai mutum Akra.

Oga Mile 12: Ƙanina ya dawo kwanan nan, ya ce dubu 100 ma sai da addu'a.

Baban Yusra: To ga masu lodi sun iso, kowa na neman fasinja.

Direban Seme: Ni hanyar nan nake ci nake sha, tun kafin a rufe boda a 2019. Wanda ya bi ta sau ɗaya ya kwana a shinge ba zai koya min ita ba.

Maman Ilham: Kai ai sun san fuskarka. Shi baƙo ne da tsohuwa a mota, maganar Baban Yusra ta fi kusa da shi.

Ɗan Katsina: Alhaji ka kai yaron Gobarau. Hasumiya ce, ta girmi duk waɗannan, kuma babu mai nitsewa 😂

Sarkin Yawo: Wane jirgi take haska wa, na raƙuma?

Oga Mile 12: Ni abin da ke ci min rai, da can Bar Beach kyauta muke zuwa ranar sallah, a hau doki, a ci tsire. Yanzu an cike wurin an gina sabuwar unguwar Eko Atlantic, sauran bakin tekun duk an kewaye, sai ka biya kafin ka ga ruwan Allah.

Ɗan Idi-Araba: Cikin bakin tekun da ake biyan ma ai titin Legas zuwa Kalaba ya bi ta kan wani a 2024. Kilomita 700 za a yi sabo, na Badagry da muke bi kullum shekara nawa ana gyaransa?

Baban Khalifa, Agege: Na gode 'yan uwa. Amma yashin nan, mai ciwon gwiwa za ta iya taka shi, ko akwai inda za ta zauna ta jira mu?

Direban Seme: Gyaran titin Badagry ai ya yi nisa, Malam. Yaushe rabonka da wuce Okokomaiko?