Ƙungiyar da ke ƙasan teburi a AFL: ta riƙe lambobin zaɓenta ko ta yi musaya da su?

Laminu, unguwar Zariya, Maraɗi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambayata tana zuwa ne ga waɗanda suka riga ni fara bin ƙwallon Ostireliya, wato gasar AFL, kuma ta shafi abin da ƙungiyoyi ke yi bayan an kammala kakar wasa. Ni mai goyon bayan North Melbourne ne, abin da ya fara ja na gare ta kuwa shi ne Majak Daw, ɗan asalin Sudan da ya yi mata wasa. Rabon ƙungiyar nan da kofi tun 1999, ta ƙare a ta ƙarshe a 2021 da 2022, sannan ta zo ta 17 cikin 18 a 2023 da 2024.

Ga wanda ya saba da ƙwallon Turai, tsarin nan zai zo masa baƙo, domin babu faɗuwa zuwa rukuni na biyu, babu sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya, kuma akwai iyakar albashin da aka ƙayyade wa kowa. A watan Nuwamba ake zaɓen matasa, galibinsu ƴan shekara 18, kuma ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ce ke fara zaɓa. Kafin nan, a watan Oktoba, ana buɗe ƙofar musaya, inda ake ba da ɗan wasa a karɓi ɗan wasa, ko a ba da lambar zaɓe, wato matsayin ƙungiya a layin zaɓen matasan, a karɓi ɗan wasa, har ma da lambar shekara mai zuwa.

A 2021 mun ɗauki Jason Horne-Francis da lamba ta 1, ya yi mana kaka ɗaya tak ya ce gida zai koma, aka yi musayarsa zuwa Port Adelaide. To, ƙungiyar da ke cikin irin halinmu, ya fi mata ta ci gaba da tara matasa tana haƙuri, ko kuwa ta miƙa lambobin nan ta karɓo ƴan wasan da suka riga suka goge?

Malam Isuhu, Bagalam

Wa alaikumus salam, Laminu. Ni dai ra'ayina a tsaye yake: ƙungiyar da ba ta da ginshiƙi ba ta da abin da za ta ɗora baƙo a kansa, ginshiƙin kuma daga zaɓe ake samunsa. Ka dubi Hawthorn. A 2001 ta ba Fremantle ƴan wasanta biyu, Trent Croad da Luke McPharlin, ta karɓi lambobi uku, kuma da biyu daga cikinsu ta ɗauki Luke Hodge a lamba ta 1 da Sam Mitchell a lamba ta 36. Bayan shekara uku, a zaɓen 2004, ta ɗauki Jarryd Roughead a ta 2, Lance Franklin a ta 5, da Jordan Lewis a ta 7. Waɗannan mutum biyar su ne ƙashin bayan ƙungiyar da ta ci kofi a 2008, kuma huɗu daga cikinsu suna nan aka ci uku a jere, 2013 da 2014 da 2015. Abin dariya ma, Croad ɗin da aka bayar ya dawo Hawthorn daga baya har ya ci kofin 2008 tare da su.

Ka lura da cewa tsakanin ɗaukar Hodge da kofin farko shekara bakwai ce. Wannan shi ne abin da magoya baya ba sa son ji. Yaro ɗan shekara 18 a wasan da ake karo jiki da jiki a fili mai faɗin gaske ba ya zama cikakken ɗan wasa sai ya yi kaka huɗu ko biyar, don haka wanda ya ɗauki matasa bana ya nemi sakamako baɗi ya zalunci kansa ya zalunci yaran.

Batun Horne-Francis kuma bai kamata ya karya maka gwiwa ba. Bayan musayarsa, a zaɓen 2022 kun ɗauki Harry Sheezel a lamba ta 3 da George Wardlaw a ta 4, kuma Sheezel ya lashe kyautar matashin shekara a 2023, ya kuma zama gwarzon ƙungiyarku a kakarsa ta farko. Ba a ce an yi asara ba.

Alhaji Sabi'u, Sabon Gari

Malam, da girmamawa, ka zaɓo misalin da ya yi maka daɗi ka bar sauran. Carlton ta samu lamba ta 1 shekara uku a jere: Marc Murphy a 2005, Bryce Gibbs a 2006, Matthew Kreuzer a 2007. Dukansu sun yi wasa mai kyau, amma har yau rabon Carlton da kofi tun 1995. Melbourne kuwa, wadda ƙungiya ce daban da North Melbourne, ta ɗauki Jack Watts a ta 1 a 2008, ta ɗauki Tom Scully da Jack Trengove a ta 1 da ta 2 a 2009, shekarar da aka zarge ta da sakin wasanni da gangan don ta samu lambobin, har hukumar gasar ta ci ta tarar dalar Ostireliya 500,000 a 2013 bayan bincike. Scully ya yi kaka biyu ya tafi Greater Western Sydney. Babu ko ɗaya cikin ukun nan a filin ranar da Melbourne ta ci kofi a 2021, amma Max Gawn, wanda aka ɗauka a lamba ta 34 a wannan zaɓe na 2009, shi ne kyaftin ɗinta.

Ni ɗan kasuwa ne, kuma na san bambancin ɗan rago da ka saya ka kiwata da wanda ka je kasuwa ana jibi Layya ka taɓa bayansa ka ji nama. Na farko yana da araha, amma yana iya mutuwa ko ya ƙi ƙiba, na biyu yana da tsada, amma ka ga abin da ka biya. Lambar zaɓe alkawari ce kawai, ɗan wasan da ya buga wasa 150 kuwa an riga an san iyakarsa.

Ƙungiyata Geelong ta daɗe ba ta sauka ƙasan teburi ba, ba ta kuma jiran lamba ta 1. A ƙarshen 2015 ta karɓo Patrick Dangerfield daga Adelaide, ya ci kyautar Brownlow, wato ta gwarzon ɗan wasan gasar na shekara, a 2016. A ƙarshen 2020 ta miƙa lambobin zagayen farko na zaɓe, wato mafi daraja, har uku don ta samu Jeremy Cameron, mutane suka yi ta cewa ta sayar da gobenta, tsofaffi ta tara. A 2022 tsofaffin nan suka doke Sydney da tazarar maki 81 a wasan ƙarshe. Ƙarfe biyar da rabi na safe agogonmu ake fara wasan ƙarshe, daidai lokacin asuba, kuma kafin mu fito daga masallaci mu kunna waya an riga an yi wa Sydney nisa.

Hadiza, Ali Ɗan Sofo

Ina gaishe ku iyayena. Ina ganin Malam da Alhaji kowanne ya riƙe rabin maganar, kuma abin da ya raba misalansu shi ne lokacin da aka yi musayar, da kuma wanda ya yi ta.

Hawthorn ɗin da Malam ya kawo ba da zaɓe kaɗai ta ci uku a jere ba. Bayan matasanta sun nuna cewa za su iya, sai ta shiga cike gurabe ɗaya bayan ɗaya: Shaun Burgoyne daga Port Adelaide da Josh Gibson daga North Melbourne a ƙarshen 2009, Jack Gunston daga Adelaide a 2011, sai Brian Lake daga Western Bulldogs a 2012, wanda ya zama gwarzon wasan ƙarshe na 2013. Kowanne an kawo shi ne don wani aiki takamaimai da aka ga babu mai yinsa. Shi ya sa ko da Franklin ya tafi Sydney a ƙarshen 2013 da kwantaragin shekara tara, Hawthorn ta sake cin kofi sau biyu ba tare da shi ba, na farkon ma Sydney ɗin ta doka.

Ga kuma akasin haka. Richmond, bayan ta ci kofi a 2017 da 2019 da 2020, ta ɗauka cewa da sauran ƙarfi a jikin ƴan wasanta, sai a ƙarshen 2022 ta karɓo Tim Taranto da Jacob Hopper daga Greater Western Sydney, kowanne da kwantaragin shekara bakwai, ta ba da lambobi masu daraja har da ta zagayen farko ta 2023. Ba ta shiga wasannin neman kofi a 2023 ba, a 2024 kuma ta ƙare a ta ƙarshe. Dabarar iri ɗaya ce da ta Geelong, amma shugabannin Richmond sun yi kuskuren auna matsayin ƙungiyarsu, kuma a ganina wannan aunawar ita ce aikin da ya fi wuya, ta fi zaɓen yaro wuya nesa ba kusa ba.

Akwai kuma abin da Alhaji bai faɗa ba, wanda shi ne ya fi shafar Laminu. A AFL ba a musayar ɗan wasa sai da yardarsa, saboda haka shi ne ke faɗin inda yake son zuwa. Dangerfield ɗan yankin Geelong ne, gida ya koma, kuma ya koma ne ga ƙungiyar da ke kusa da kofi. Wane gwarzo ne mai shekara 26 zai bar inda yake ya zaɓi ƙungiyar da ta ci wasa uku a kaka? Idan ya yarda, to ko dai albashin da aka yi masa ya wuce kima, ko kuma shekarunsa sun ja. Don haka ba da kuɗi ɗaya North Melbourne da Geelong ke shiga wannan ciniki ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dokar uba da ɗa, wadda ta ba ƙungiya damar ɗaukar yaron da mahaifinsa ya buga mata wasa 100 ko fiye. Tun 2015 kowace lamba tana da maki, ta 1 tana da 3,000, kuma idan wata ƙungiya ta kira sunan yaron, ƙungiyar mahaifinsa tana iya haɗa makin ƙananan lambobinta ta karɓe shi. A 2021 Collingwood ta samu Nick Daicos ta wannan hanya. A 2022 North Melbourne ce da kanta ta kira sunan Will Ashcroft a lamba ta 2, Brisbane ta biya makin ta ɗauke shi, alhali a shekarar ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Yaron nan shi ne gwarzon wasan ƙarshe a 2024 da 2025, duka biyun Brisbane ta ci. Ana cewa zaɓe yana daidaita ƙarfi, amma ga ƙungiya ta ƙarshe ta ga yaron da take so ya tafi wurin ƙungiyar da ba ta cikin buƙata. Ban ce Brisbane ba ta yi aiki ba, domin ita ma ta zo ta ƙarshe a 2017, ta haƙura da matasanta, sannan ta karɓo Lachie Neale daga Fremantle a ƙarshen 2018, daidai lokacin da suka fara tasowa.

Malam Isuhu, Bagalam

Hadiza, Allah ya yi miki albarka, na karɓi batun lokaci. Amma Alhaji, Geelong ɗin da kake alfahari da ita da me ta ci kofunan 2007 da 2009 da 2011? A zaɓen 2001 kaɗai ta ɗauki Jimmy Bartel a ta 8, James Kelly a ta 17, Steve Johnson a ta 24, da Gary Ablett ƙarami a ta 40 ta dokar uba da ɗa, a 2006 kuma ta ɗauki Joel Selwood a ta 7, wanda shi ne ya ɗaga kofin 2022 da kake magana a kai. Sunan da waɗannan suka gina shi ne ya sa Dangerfield da Cameron suka ga wurin ya isa a zo.

Tun da kuma ka ambaci Carlton, ka tuna cewa ita ma ta bi shawararka a ƙarshen 2007. Ta karɓo Chris Judd daga West Coast, ta ba da matashi Josh Kennedy tare da lamba ta 3 da ta 20. Judd ya ci Brownlow a 2010 amma bai kai su ko wasan ƙarshe ba, Kennedy kuwa ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin West Coast, ya kuma ci kofi a 2018.

Alhaji Sabi'u, Sabon Gari

Na yarda cinikin Judd bai kawo kofi ba, Malam. Sai dai ina so Laminu ya sa ido a kan abin da ke tafe, domin haƙurin da kake kira gare shi yana da wa'adi. A 2028 ƙungiyar Tasmania za ta shiga gasar a matsayin ta 19, kuma sabuwar ƙungiya ana yi mata gata a zaɓe kafin ta fara. An gani a 2010, lokacin da Gold Coast ke shirin shiga: ita aka ba lamba ta 1 da ta 2 da ta 3, West Coast da ta zo ta ƙarshe a wannan shekara sai a ta 4 ta fara zaɓa, inda ta ɗauki Andrew Gaff. A 2011 aka sake yin haka saboda Greater Western Sydney. Duk ƙungiyar da zaɓen 2027 ya same ta a ƙasan teburi za ta sha wahalar kaka guda ta karɓi lambar da ba ta kai wahalar ba, sannan ga sabuwar ƙungiya da kuɗin albashi a hannu tana zawarcin matasanta.

Saboda haka, Laminu, da ni ne ke riƙe da jerin ƴan wasan North Melbourne, ba zan taɓa lambar zagayen farko ba, amma zan ba da ta zagaye na biyu da na uku in kawo ƴan baya guda biyu masu shekara 27 ko 28 da za su rage yawan makin da ake zura muku, sannan in tabbata duk matashin da ya nuna kansa ya sa hannu a dogon kwantaragi kafin Tasmania ta fara buga waya.