Launi, Jinsi da Kujerar Shugaban Ƙasa: Musayar Baitoci daga Jos

Malamin Gangare:
Assalamu alaikum, ma'abota alƙalami. Tun bayan zaɓen Amurka na 2024 wata tambaya ta hana ni sakat, domin ƙasar da ta zaɓi Barack Obama a 2008 da 2012 ita ce ta mayar da Hillary Clinton gida a 2016, ta kuma mayar da Kamala Harris a 2024. Na ɗora amsa-amon a kan "ba", mai amsawa ya bi sawu.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Wanda bai bar bawa a duhu ba.

Amurka ta ɗora baƙar fata,
Sau biyu launinsa bai hana ba.

Mahaifinsa mutumin Kenya ne,
Wannan bai kai shi ƙasa ba.

Da mace ta fito neman kujerar,
Sau biyu ba a miƙa mata ba.

Shin launi ya fi wuyar haɗiya,
Ko jinsi ne ba a yafe ba?

Mu masu harsuna ɗari-ɗari,
Ba mu tsira daga tambayar ba.

'Yar Rikkos:
Wa alaikumus salam, Malam. Na karɓi tambayar da hannu biyu, amma akwai gyara a lissafin.

Hillary ta fi yawan ƙuri'u,
Jama'a ba su juya mata baya ba.

Kusan miliyan uku ta ba da rata,
Adadin bai ɓoyu ga kowa ba.

Wakilan jihohi ke naɗi a can,
Yawan kawuna bai wadatar ba.

Kamala kuwa ta haɗa biyun,
Mace ce, kuma ba farar fata ba.

Wata uku da kwanaki ta yi kamfe,
Ga tsadar kaya ba ta sauka ba.

Don haka kada a ɗora wa jinsi
Dukan kayan da ba nasa ba.

Inda jinsi ya fito fili tsirara shi ne a gida. A zaɓen fitar da gwani na PDP a Abuja a 2011, Sarah Jibril ta tsaya tare da Jonathan da Atiku, ta tashi da ƙuri'a ɗaya tak, alhali akwai mata a cikin wakilan da suka yi zaɓen.

Dattijon Dilimi:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ni zan kawo abin da idona ya gani a kan batun ƙabila. A watan Maris na 1993 jam'iyyar SDP ta yi babban taronta a nan Jos, lokacin ina da shagon yadi kusa da Taminus, kuma na ga baƙi sun cika gari har masauki ya gagara, wasu suna kwana a cikin motocinsu. A taron nan aka tsayar da Abiola takarar shugaban ƙasa, daga baya ya ɗauki Babagana Kingibe mataimaki, suka kara da Bashir Tofa.

A Jos aka ƙulla wannan tafiya,
Ba labari aka ba ni ba.

Bayarabe ne ɗan Abeokuta,
Arewa ba ta ƙi shi don haka ba.

Musulmi biyu a tikiti guda,
Kiristan Filato bai guje su ba.

Bashir Tofa haifaffen Kano ne,
Amma Kano ba ta bi shi ba.

Ran 12 ga Yuni muka yi layi,
Ba mu tambayi yaren kowa ba.

Soja ne suka soke zaɓen,
Talaka bai sa hannu ba.

In an bar talaka da tukunyarsa,
Yunwa ba ta san ƙabila ba.

Ɗan Unguwar Rogo:
Baba, Allah ya ƙara girma, a gafarce ni idan na saɓa. An haife ni bayan wancan zaɓe, kuma Jos ɗin da na buɗe ido na gani daban take da wadda ka siffanta.

Zamaninku labarinsa na ji,
Ni ban tarar da irinsa ba.

Kakana kuza ce ta kawo shi,
Bai sake komawa gida ba.

A nan aka binne cibiyata,
Ban san wani gari na biyu ba.

Da na je neman shaidar asali,
Aka ce gidanmu ba na nan ba.

Nuwamban 2008 ina yaro,
Hayaƙin bai bar idona ba.

Kujerar ciyaman aka yi dominta,
Rayukan ba su dawo ba.

Wanda ake kira baƙo a layinsu,
Ba zai ga ƙasar a dunƙule ba.

A 2023 Obi ya kwashe jihohin Kudu maso Gabas biyar, Kwankwaso ya ci Kano kaɗai, kuma tikitin Musulmi biyu da ya wuce salin-alin a zamaninku shi ne ya zama babban zance a masallatai da majami'u. Wannan shi ne abin da na gani, Baba.

Malamin Gangare:
Ƙanena, zafin da ke cikin baitocinka gaskiya ne, kuma babu mai raina shi a garin nan. Sai dai adalci ya sa a tuna cewa Obi ya ci Legas, gidan Tinubu, shi kuma Tinubu bai hau ba sai da ƙuri'un Arewa. Tsarin mulki ma ya yi wa ƙabilanci takunkumi, tunda ban da rinjaye sai ɗan takara ya samu kashi 25 cikin 100 a jihohi 24.

Doka ta tilasta neman maƙwabci,
Gida ɗaya bai isa naɗi ba.

Amma dokar da ta kare yare,
Ba ta yi wa mace tanadi ba.

Hajiyar Bukuru:
Malam, baitinka na ƙarshe nake jira tun ɗazu, domin maza sun daɗe a kan ƙabila sun bar rabin tambayar a ƙasa. Da izininka zan sauya amsa-amo.

Ku bar ni in sauya amo, 'yan'uwa,
Kalmar "ba" ta ishe mu, mu mata.

Gambo Sawaba ta sha kurkuku,
Kan ƙuri'ar da aka hana ta.

Sai 1979 matan Arewa
Suka shiga zaɓen ƙasa, kar a manta.

Ran zaɓe mu ne a gaban layi,
Da goyo, tun kafin rana ta fita.

Ana raba mana atamfar anko,
Mu yi guɗa, a ce mu je mu huta.

Shawarar rabon kujeru kuwa,
Sai tsakar dare ake ƙulla ta.

Matar auren da ta je wannan zama,
Da safe gari zai ɓata ta.

In ta auri ɗan wata jiha,
Can a ce baƙuwa, nan a kore ta.

Pauline Tallen ta yi mataimakiya,
Da ta nemi gwamna aka kayar da ita.

Laberiya ta zaɓi Sirleaf a 2005,
Namibiya ma ta zaɓi tata.

Mu jiha 36 gare mu,
Babu wadda ta zaɓi mace ta ja ta.

A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurorin da suka nemi ƙara wa mata gurbi, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofarta. Wadda ba a bari ta zama gwamna ba, ta wace hanya za ta kai fadar shugaban ƙasa?

Ɗan Unguwar Rogo:
Hajiya, na ji, kuma jikina ya yi sanyi. Amma a unguwarmu idan aka tayar da zancen nan, da addini ake rufe shi, kuma ni ba malami ba ne da zan ja.

Malamin Gangare:
Mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta, kowane ɓangare da hujjarsa, kuma ba a dandalin waƙa za a yanke ta ba. Abin da tarihi ya rubuta dai shi ne Pakistan ta ba Benazir Bhutto firaminista a 1988, Bangaladash ta yi shekaru a hannun mata biyu, Indunusiya kuma Megawati ta shugabance ta daga 2001, dukansu ƙasashen da Musulmi suka fi yawa. Saɓanin ma a kan babbar kujera ya fi ƙarfi.

'Yar Rikkos:
To, Baba na Dilimi, gare ka na dawo, kuma da ladabi nake tambaya.

Ka ce talaka bai duba yare,
Na yarda, shaidarka mun karanta.

Amma da 'yarka ta ce za ta fito,
Za ka sa albarka, ko ka hana ta?

Dattijon Dilimi:
'Yata, kin taɓa inda yake ciwo, kuma ba zan ɓoye ba. Ƙaramar 'yata malamar makaranta ce, matan layinmu sun taɓa zuwa har zaure suna roƙon ta tsaya kansila, ni ne na hana.

Na ce mata taron dare ake yi,
Ina tsoron bakin gari a kanta.

Ta yi shiru, ta ninke takardar,
Har yau tana cikin akwatinta.

Na zaɓi Bayarabe ban yi shakka ba,
Ta gidana kuwa na tare ta.

Daren nan zan kira ta zaure,
In ji ko niyyar na nan a ranta.

In taron mazaɓa na dare ne,
Da sandata da tocila zan raka ta.