Yadda Za a Hana Ruwa Ratsa Kankaren Ƙarƙashin Ƙasa

Da wasu magina suka zauna kan matsalar yoyon tankin ƙasa da ɗakin ƙarƙashin gini, bakinsu ya zo ɗaya: tun wurin kwaɓi ake cin nasara ko a faɗi. Lebura na son kwaɓi mai ruwa-ruwa don sauƙin zubi, amma in rarar ruwan ta bushe sai ta bar ƙananan ƙofofi. A rage ruwa, a sa sinadarin hana ratsawa irin na kamfanin Sika, a girgiza zubin da inji, sannan a riƙa ban ruwa aƙalla kwana 7.

Inda aka fi daɗewa ana tattaunawa shi ne mahaɗar zubin jiya da na yau, domin nan yoyo ya fi farawa. Sun ce a binne robar PVC mai tare ruwa a tsakiyar mahaɗar kafin zubi na biyu.

Kwalta kuwa daga waje ake shafa ta, gefen da ruwan damina ke turowa, a kare ta da allo kafin a mayar da ƙasa, kada tsakuwa ta huda ta. Wasu sun ƙara da shimfiɗa bututu mai huji a gindin bango don ya kwashe ruwan. Fentin ciki kaɗai, a ganina, ɓata kuɗi ne.