Sauya launin waƙa yana ɓata mini kalmomi, ku taimaka

'Yan'uwa masu koyar da kwaya (ƙungiyar mawaƙan coci) da masu kaɗa ogan (kayan kiɗan coci mai kama da piyano), ina neman shawararku. Wata biyu ke nan ina fama da wata tsohuwar waƙar yabo ta Hausa da nake so mu rera a Ista. Nufina kwaya ta fara rera ainihin karin, daga nan a maimaita shi sau huɗu, kowane karo da sabon salo.

Na ogan bai ba ni wahala ba. Fela Sowande, makaɗin ogan ɗan Najeriya, ya yi irin haka da karin Yarabawa a kiɗansa mai suna Oyigiyigi, amma nasa kiɗa ne zalla, babu baki. Matsalata tana wurin muryoyi. Da na juya karin a karo na uku, inda yake hawa ya koma sauka, sai sautin kalmomin ya rikice. Wata dattijuwa a cikinmu ta ce ba ta gane Hausar ba, kuma gaskiyarta. Na gwada bai wa maza karin a hankali, mata suna yi masa ado a sama, sai adon ya rufe maganar.

Shin in bar wa ogan wannan karon shi kaɗai, ko akwai dabarar juya kari ba tare da ma'ana ta salwanta ba?