Neman ƙarin bayani kan horon ƙwarewa ga masu kula da lafiyar 'yan wasan jami'a

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya kammala karatun fisiyo (gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi) a Jami'ar Bayero, yanzu haka yana cikin horonsa na shekara guda a asibiti, kuma burinsa shi ne ya ƙware a kan kula da 'yan wasa. Ya samu labarin cewa a jami'o'in Amurka akwai horo na musamman da masu wannan aiki suke yi bayan digiri. Shin zai iya shiga kai tsaye da takardunsa? Idan kuma ba zai yiwu ba, me ya kamata ya yi a nan gida?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kai tsaye dai da wuya, domin a Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta, dabam da fisiyo, kuma mai yin ta ba koci ba ne, ma'aikacin lafiya ne da ke aiki ƙarƙashin likitan ƙungiya. Masu wannan sana'a, da ake kira athletic trainers, sun kafa ƙungiyarsu ta NATA tun 1950, kuma a yanzu sai mutum ya yi digiri na biyu a shirin da hukumar CAATE mai tantance kwasa-kwasan sana'ar ta amince da shi, ya ci jarrabawar BOC ta samun takardar shaidar sana'ar, sannan ya samu lasisin jihar da zai yi aiki. Horon da kake magana a kai yana zuwa ne bayan wannan duka. Ba ya gaza wata 12 a jere, ana biyan albashi, kuma mutum yana zaɓar fanni guda, kamar raunin ƙashi da gaɓoɓi ko farfaɗo da ɗan wasa bayan tiyata, ƙarƙashin idon wanda ya riga shi gogewa. Amfanin yin sa a jami'a shi ne za ka ga ɗan wasa tun daga lokacin da ya faɗi a fili har ranar da zai sake ɗaura takalmi.

Maman Ilham:
Ina aikin fisiyo a nan Kano, kuma shawarata ita ce kada ya raina abin da ke hannunsa. Ya fara kammala rajistarsa da hukumar MRTB mai yi wa masu aikin fisiyo rajista a Najeriya, ya nemi gogewa a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sannan da yamma ya riƙa zuwa filin atisaye. Abin da asibiti ba ya koyarwa sosai shi ne mintunan farko. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, yaron da ya fara tangaɗi yana surutai marasa kan gado yana buƙatar a sanyaya jikinsa nan take da ruwan sanyi da ƙanƙara kafin a sa shi a mota. Wanda kuma kansa ya bugu ba a mayar da shi fili a ranar, ko da koci ya matsa. Har yau ba mu manta da ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji ba, wanda ya yanke jiki ya faɗi a Legas a 1989 ana tsaka da wasa da Angola.

Ɗan Gwale:
Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, idan babu damuwa, wane kwas na agajin gaggawa da farfaɗo da bugun zuciya kike ganin ya dace ya fara da shi kafin ya gama horon asibitin?