Abin da aka tsinta daga zaman malamai da ɗalibai kan nasarar karatu a jami'a

Shekarar farko ce ta fi cin lokacin tattaunawar, kuma ta cancanci haka, don a nan ne yawancin masu barin karatu ke sulalewa. Ɗalibi ya baro sakandare inda ake bibiyar sa kullum, ya shigo ɗakin lacca mai ɗaruruwan mutane, ba wanda ya san sunansa. Shawarar da aka fi nanatawa: a haɗa kowane sabon shiga da malami mai ba shi shawara, su riƙa zama tun makonnin farko, kada a jira sakamako ya fito ana salati. Ƙananan gwaje-gwaje da rajistar halarta su ne za su tona wanda ya fara tangal-tangal.

Wata malama ta kawo maganar salon koyarwa. Ta ambaci nazarin da Scott Freeman, wani malamin jami'a a Amurka, da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, wanda ya tattara bincike 225 a fannonin kimiyya, injiniyanci da lissafi. Faɗuwa ta kai kusan kashi 34 cikin ɗari inda malami ke zuba bayani shi kaɗai, ta sauka zuwa kusan 22 inda ɗalibai ke warware matsala da kansu a aji. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Kan manhajar karatu an taƙaita: a riƙa sabunta ta, a ji ta bakin tsofaffin ɗalibai da masu ɗaukar ma'aikata.

Ɗaliban kuwa roƙonsu ɗaya ne, a riƙa dawo musu da aikin da aka duba da wuri, da gyara a rubuce, kafin jarrabawa ta ƙarato.